Furitanawan Sabuwar Ingila: Tambayoyi da Amsoshi kan Aƙidarsu da Zamansu

Duk wanda ya soma karatun tarihin Amurka sai ya ci karo da Furitanawa tun a shafukan farko, kuma tambayoyin da ɗalibai da sauran masu karatu ke yi a kansu kusan iri ɗaya ne. An tattaro su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. Maganar ta fi shafar yankin da ake kira Sabuwar Ingila, a arewa maso gabashin Amurka ta yau, daga 1620 zuwa ƙarshen ƙarni na 17.

Su wane ne Furitanawa?

Kiristoci ne 'yan Furotesta na ƙasar Ingila, waɗanda suka ga gyaran da aka yi wa cocin ƙasarsu bai je ko'ina ba. Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma a 1534, amma bai taɓa yawancin tsarin ba. Da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta daidaita lamarin coci a 1559, sai ta bar bishop-bishop a kan kujerunsu, ta bar rigunan limamai, da durƙuso wajen cin jibi (gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a ibada), da zana gicciye a goshin jariri lokacin baftisma. Wasu malamai, musamman waɗanda suka yi zaman hijira a Geneva suka sha koyarwar John Calvin, suka ce waɗannan duk ragowar Katolika ne, babu su a Littafi Mai Tsarki, a share su. Abokan hamayya ne suka laƙa musu sunan don ba'a, wai masu ganin sun fi kowa tsarki.

Ba ɗarika ɗaya ba ce mai shugaba ɗaya. Ra'ayi ne da ya bazu tsakanin malamai, 'yan kasuwa, masaƙa da manoma masu rufin asiri, kuma su ma sukan saɓa wa juna.

Su ne mutanen jirgin Mayflower?

Dangin juna ne, amma akwai bambanci. Mutanen Mayflower 'yan a-ware ne: sun yanke ƙauna daga Cocin Ingila gaba ɗaya, suka fice. Daga ƙauyen Scrooby suka tsere zuwa Holan a 1608, suka zauna a birnin Leiden, sannan wasunsu suka shiga jirgi a 1620. Fasinjoji 102 ne, kuma ba dukansu ne 'yan ikilisiyar ba. Sun yi kwana 66 a teku, suka iso a watan Nuwamba, hunturu ya riga ya kama. Kafin bazara kusan rabinsu sun mutu. Garin da suka kafa, Plymouth, bai taɓa yin wani girma ba.

Babban ayarin shi ne na 1630, lokacin da John Winthrop ya jagoranci jirage 11 da mutum kusan 700 zuwa Massachusetts, suka kafa Boston. Kafin 1640 mutum wajen 20,000 sun ƙetaro. Waɗannan ba su yarda sun bar Cocin Ingila ba, sun ce gyara ta suke yi daga nesa. A aikace dai, da suka sauka, cocin da suka gina bai bambanta sosai da na Plymouth ba.

Me ya fitar da su daga Ingila?

Sun nemi gyara wurin Sarki James na Ɗaya a taron Hampton Court a 1604, ya ƙi. Hujjarsa ita ce in babu bishop to babu sarki. Abin kirki ɗaya da ya fito daga taron shi ne sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611. Ɗansa Charles na Ɗaya ya hau mulki a 1625, ya auri 'yar Katolika daga Faransa, ya rushe majalisa a 1629, ya yi shekara 11 yana mulki ba tare da ita ba. William Laud, wanda ya zama babban bishop na Canterbury a 1633, ya shiga hana fastocin Furitan wa'azi ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma kasuwar tufafi da ta faɗi a gabashin ƙasar, inda da yawansu suka fito.

Abu biyu suka bambanta wannan hijira. Na farko, gida-gida suka tashi, miji da mata da 'ya'ya, ba kamar Virginia ba inda samari suka fi yawa suna neman arzikin taba. Na biyu, Winthrop da mutanensa sun ɗauko takardar izinin kamfaninsu ta 1629 suka taho da ita, maimakon su bar ta a Landan. Da wannan dabara kamfanin kasuwanci ya rikiɗe ya zama gwamnati mai cin gashin kanta, nesa da idon sarki.

Mene ne ginshiƙin aƙidarsu?

Sun gaskata cewa tun faɗuwar Adamu kowane ɗan Adam da zunubi ake haihuwarsa, ba shi da ikon ceton kansa. Allah ne, tun kafin halitta, ya zaɓi waɗanda zai ceta don alherinsa kawai, kuma babu aikin kirkin da zai sayi wannan zaɓi. Littafi Mai Tsarki shi ne ma'auni: abin da bai umarta a ibada ba, ba a yinsa.

Sai dai wanda yake son gane zamansu, ba wai tauhidinsu kaɗai ba, to ya riƙe maganar alkawari. A ganinsu Allah yana ƙulla alkawari da mutum ɗaya, yana ƙullawa da ikilisiya, yana kuma ƙullawa da al'umma sukutum, kamar yadda ya yi da Bani Isra'ila a Tsohon Alkawari. In gari ya cika alkawari, albarka. In ya ga saɓo ya kau da kai, to fari ko gobara ko annoba ko yaƙi za su sauka a kan kowa, mai laifi da marar laifi. Wake ɗaya ke ɓata gari. Shi ya sa zunubin maƙwabci ya zama damuwarka, shi ya sa hukuma ke sa ranar azumi in masifa ta auku, ta sa ranar godiya in ta wuce.

Shahararriyar maganar nan ta Winthrop, cewa za su zama kamar birnin da ke kan tudu, daga Linjilar Matiyu 5:14 ya ɗauko ta. 'Yan siyasar Amurka na yau sukan kawo ta don alfahari, alhali a bakinsa gargaɗi ce: idon duniya na kanmu, in muka ci amanar Allah za mu zama abin kwatance. Kusan duk abin da ke ƙasa, daga makarantu har zuwa rataya, daga wannan tunani ya tsiro.

In an riga an ƙaddara wanda zai tsira, me ya sa suke takura wa kansu haka?

Domin aikin kirki, ko da ba ya sayen ceto, yana iya zama alamarsa. Mutum kan kwana yana binciken zuciyarsa: shin tubana na gaske ne, ko ina yaudarar kaina? Da yawa sun riƙa rubuta halin da ransu ke ciki kullum a littafi, kuma waɗannan rubuce-rubuce na daga cikin abin da masana tarihi ke dogaro da shi yau.

Tun tsakiyar shekarun 1630 cocin Massachusetts suka ƙara wani sharaɗi. Ba a zama cikakken ɗan ikilisiya sai mutum ya ba da labarin yadda alherin Allah ya shige shi, dattawa su yi masa tambayoyi, jama'a su gamsu. Maza kan tsaya gaban taro, mata kuwa a wurare da yawa sukan faɗa wa dattawa a keɓe, a karanta a bainar jama'a. Waɗanda suka haye ne kaɗai ke cin jibi, su ne ake yi wa 'ya'yansu baftisma. Wannan sharaɗi ne ya zo ya zame musu ƙarfen ƙafa, kamar yadda amsar ƙarshe ta nuna.

Ana yawan cewa sun ɗauki dukiya alamar zaɓi. An zuzuta maganar. Sun girmama sana'a, gaskiya ne, amma a 1639 kotu ta ci wani babban ɗan kasuwar Boston, Robert Keayne, tarar fam 200 saboda cin ƙazamar riba, ko da yake an rage daga baya, cocinsa kuma ta sa shi ya nemi gafara a gaban jama'a.

Yaya ranar Lahadi take a garinsu?

Tun faɗuwar rana ran Asabar take somawa. Ba noma, ba ciniki, ba tafiya, ba wasa. Da safe a buga ƙararrawa, ko ganga a garin da ba shi da ita, kowa ya nufi ɗakin taro. Gini ne na katako, ba hoto, ba gicciye, ba kayan kiɗa, kuma a cikinsa ake taron gari ranar da ba ibada. Ba a zama inda aka ga dama: kwamiti ne ke raba kujeru bisa shekaru da dukiya da muƙami, maza gefe guda, mata gefe guda, kuma rigima kan kujera ba ta ƙarewa.

Addu'a kaɗai takan yi tsawo ƙwarai, wa'azi ya ci awa guda ko fiye, ga agogon yashi kusa da mumbari ana juya shi. In za a rera Zabura, dikin ya karanta layi, jama'a su maimaita da waƙa. Wasu na riƙe da takarda suna rubuta kan maganar fasto, don mai gida zai tambayi yara da barori abin da suka ji in an koma. A huta da rana, a dawo a sake wani zaman. Ba a hura wuta a ɗakin ko da dusar ƙanƙara na zuba. Alƙali Samuel Sewall ya rubuta a littafinsa a Janairun 1686 cewa gurasar jibi ta daskare har tana ƙara in an gutsura ta a faranti. Zuwa kuwa dole ne bisa doka, ko kai ɗan ikilisiya ne ko ba kai ba ne.

Fastoci ne ke mulki ke nan?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi kuskure. Fasto ba ya riƙe muƙamin gwamnati a Massachusetts. Gwamna zaɓensa ake yi kowace shekara, har Winthrop kansa an sha kayar da shi. Sun soke kotunan coci irin na Ingila, suka mayar da aure da saki da gado hannun majistare. Iyakar hukuncin ikilisiya gargaɗi ne ko fitarwa daga zumunci. Kowace ikilisiya ita ke zaɓen fastonta, babu bishop a samanta, tsarin da aka rubuta a 1648 a taron Cambridge, wani gari kusa da Boston.

To amma daga 1631 ɗan ikilisiya ne kaɗai ke da ƙuri'ar zaɓen gwamna. Da harajin gari ake biyan fasto a yawancin garuruwa, majistarori na neman shawarar fastoci a manyan lamura, kuma a kundin dokokin 1641 an jera laifuffukan kisa kowanne da ayarsa a gefe. Ba mulkin malamai ba ne, mulkin waɗanda aka tantance ne a matsayin tsarkaka.

Gaskiya ne sun hana Kirsimeti da giya da ado?

Kirsimeti kam sun hana. Daga 1659 zuwa 1681 duk wanda aka kama yana bikinta a Massachusetts tararsa sule 5, don sun ce Littafi bai faɗi ranar haihuwar Almasihu ba, kuma bikin a Ingila shaye-shaye ne da caca. Giya kuwa suna sha, ta sha'ir da ta tuffa, har a wajen naɗa fasto. Maye ne laifi, wanda kan kai mutum ga tara ko bulala ko zaman turu a dandali.

Baƙaƙen kayan da ake zana su da su na manya ne da ranakun alfarma, don baƙin rini tsada gare shi. Talaka ja-ja da ruwan ƙasa da shuɗi yake sawa. Dokar ado ta 1651 ma ba ta hana kowa ba: wanda dukiyarsa ba ta kai fam 200 ba shi aka hana sa adon zinariya da azurfa. Tsare matsayi ne, kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi.

Ina matsayin mata da iyali?

Miji ne shugaban gida, mace ba ta wa'azi, ba ta zaɓe. Amma dokar 1641 ta hana miji dukan matarsa, kuma kotu na raba aure saboda zina ko gudun miji ko rashin iya kwanciyar aure, abin da yake da wuya ƙwarai a Ingila a lokacin. Ba su ɗauki jin daɗin aure abin kunya ba. Cocin Boston ta taɓa fitar da wani mutum, kuma cikin laifuffukansa har da ƙaurace wa shimfiɗar matarsa. Zina da matar aure kuwa hukuncinta kisa ne a takarda, an kuma zartar a 1644 kan Mary Latham da James Britton, sai dai yawanci kotu kan tsaya a bulala. Gwauro ba ya zaman kansa, sai a sa shi ƙarƙashin wani gida. Sannu a hankali mata suka fi maza yawa a cikin cikakkun 'yan ikilisiya.

Me ya sa suka damu da makaranta haka?

Wanda bai iya karatu ba, ta yaya zai karanta Littafi da kansa? Shekara 6 kacal da kafa Boston suka buɗe kwalejin Harvard a 1636, don kada ikilisiyoyi su faɗa hannun jahilan fastoci in na yanzu sun mutu. Injin ɗab'i ya iso Cambridge, ya fitar da littafin Zabura a 1640. Dokar 1642 ta ɗora wa iyaye da iyayen gida nauyin koya wa yara karatu. Ta 1647 ta ce garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malami, wanda ya kai 100 ya buɗe makarantar share fagen kwaleji, kuma gabatarwar dokar ta faɗi dalili ƙarara: dabarar Shaiɗan ce ya raba mutane da sanin Nassi.

Tunda tsanantawa ce ta kore su, don me suka tsananta wa wasu?

Domin ba 'yancin addini ga kowa suka zo nema ba. Sun zo ne su yi addini yadda suka ga daidai, kuma bisa aƙidar alkawari da aka yi bayani a sama, barin ɓata ta yi yawo a gari gayyato fushin Allah ne. Amsarsu ga mai saɓani ita ce ƙasa na da faɗi, ya ƙara gaba.

Roger Williams, fasto a Salem, ya ce hukuma ba ta da iko kan lamirin mutum, kuma sarkin Ingila ba shi da hurumin kyautar da ƙasar da ba tasa ba. Aka yanke masa kora a 1635, ya tsere cikin hunturu, ya kafa Providence a 1636 a filin da ya samu daga ƙabilar Narragansett. Anne Hutchinson, ungozoma mai kaifin basira, tana tara mutane a gidanta tana bitar wa'azi, har ta soma cewa yawancin fastoci ceto ta wurin ayyuka suke koyarwa. A shari'arta ta 1637 ta yi ta kayar da Winthrop da ayoyi, sai da ta ce Ruhu na yi mata magana kai tsaye sannan suka samu abin kamawa. Aka kore ta.

'Yan ɗarikar Quaker su suka fi shan wuya, don in an kore su sai su dawo. Bulala, yanke kunne, daga bisani dokar kisa a 1658. An rataye huɗu a Boston tsakanin 1659 da 1661, cikinsu har da Mary Dyer. Sarki Charles na Biyu ne ya aiko da umarnin a daina.

Yaya suka yi da mutanen da suka tarar a ƙasar?

Annobar da ta zo ta hannun Turawan jiragen ruwa tsakanin 1616 da 1619 ta riga ta share ƙauyukan bakin teku, har Plymouth ma a kan kufan wani ƙauye aka gina ta. Furitanawa suka fassara wannan da cewa Allah ne ya share musu fili. Massasoit, sarkin Wampanoag, ya ƙulla amana da Plymouth a 1621, mutanensa suka koya musu noman masara. A 1637 kuwa, a yaƙi da ƙabilar Pequot, sojojin Turawa da abokan ƙawancensu suka cinna wa garin Mystic wuta, ɗaruruwa suka hallaka, da yawansu mata da yara.

John Eliot ya koyi harshen mutanen Massachusett, ya fassara Littafi Mai Tsarki duka a 1663, wanda shi ne na farko da aka buga cikakke a nahiyar. Ya tara waɗanda suka tuba a garuruwa na musamman. Bai hana komai ba. Da yaƙi ya ɓarke a 1675 ƙarƙashin Metacom, ɗan Massasoit ɗin nan, sai aka kwashe waɗannan Kiristocin aka zube su a tsibirin Deer cikin hunturu, da yawa suka mutu. An kashe Metacom a 1676, aka kafe kansa a Plymouth shekara da shekaru, aka sayar da matarsa da ɗansa bayi.

Sun riƙe bayi daga Afirka?

Sun riƙe. Jirgin Desire ya kai kamammun Pequot tsibiran Karibiyan ya dawo da 'yan Afirka a 1638, dokar 1641 kuma ta halatta bautar da fursunan yaƙi da wanda aka sayo. Sewall, mai labarin gurasa, ya rubuta ƙasida yana sukar bauta a 1700, ba a saurare shi ba.

Wani bawa ɗan Afirka da aka ba fasto Cotton Mather a 1706, aka sa masa suna Onesimus, shi ya gaya wa ubangidansa yadda ake yi a ƙasarsu: a tsaga fata a sa ɗan ruwan ƙurjin mai agana, mutum ya yi ciwo kaɗan ya tsira har abada. Da agana ta afka wa Boston a 1721, ta kama kusan 6,000 ta kashe 844, Mather ya shawo kan likita Zabdiel Boylston ya gwada. Cikin mutum sama da 240 da ya yi wa, 6 suka mutu. Mutanen gari sun fusata har aka jefa bam ta tagar Mather, bai dai tashi ba.

Me ya faru a Salem a 1692?

Maita a wurinsu laifi ne na doka: mayya ita ce wadda ta ƙulla alkawari da Shaiɗan, wato ta juya alkawarin Allah baibai. An rataye mutane jefi-jefi kan wannan tun 1647. Salem ta bambanta ne da yawa. A farkon 1692 'yar fasto Samuel Parris mai shekara 9 da 'yar uwarta mai 11 suka soma faɗuwa suna ihu. Aka matsa musu, suka ambaci mata uku, cikinsu da Tituba, baiwar gidan. Tituba ta amsa laifi ta ce akwai wasu, sai wuta ta kama. Ƙauyen dama a rabe yake kan albashin Parris, ga 'yan gudun hijirar yaƙin iyaka, ga takardar izinin mulkin Massachusetts sarki ya soke.

Kotun da gwamna William Phips ya kafa ta karɓi wata irin shaida: yarinya ta ce kurwar wance ta zo tana mintsininta, alhali wance na zaune a gida. Wa zai ƙaryata? Wanda ya amsa ya tsaya kan amsawarsa ba a kashe shi ba, masu cewa ba su yi ba su aka rataye. Mutum 19 ne, mata 14 da maza 5, ba a ƙona kowa ba. Cikinsu akwai Rebecca Nurse, tsohuwa 'yar ikilisiya mai shekara 71, da fasto George Burroughs. Giles Corey ya ƙi shiga shari'a, aka danne shi da duwatsu har ya cika.

Fasto Increase Mather, mahaifin Cotton Mather, ya rubuta cewa gara mayu goma su kuɓuta da a kashe marar laifi ɗaya, Phips ya rushe kotun a Oktoba. A Janairun 1697 Sewall, wanda yana cikin alƙalan, ya miƙe tsaye a coci ana karanta takardar neman gafararsa. An biya iyalai diyya a 1711.

Yaushe tsarin ya ƙare?

Daga cikin gida ya soma tsagewa. 'Ya'yan masu hijira sun girma cikin coci, an yi musu baftisma, amma da yawa ba su da labarin tuba da za su tsaya su bayar. To 'ya'yansu fa? Taron 1662 ya yarda a yi wa jikokin baftisma, iyayen kuma su zauna ba cin jibi, sulhun da ya raba ikilisiyoyi shekaru da dama. A Ingila ma an dawo da sarauta a 1660 bayan zamanin Oliver Cromwell, Furitanin da ya mulki ƙasar ba tare da sarki ba, aka kori fastoci wajen 2,000 daga coci a 1662.

Sarki ya soke takardar Massachusetts a 1684. Sabuwar da aka bayar a 1691 ta haɗe Plymouth a ciki, ta sa sarki ne ke naɗa gwamna, ta ɗora ƙuri'a kan dukiya maimakon zama ɗan ikilisiya, ta kuma ba sauran 'yan Furotesta damar ibada. Aƙidar ba ta mutu nan take ba, don fasto Jonathan Edwards ya sake hura ta a farkawar addini ta shekarun 1730 da 1740. Biyan coci da kuɗin haraji kuwa ya ci gaba a Connecticut har 1818, a Massachusetts har 1833.